Cibiyar Nemesio

A layinmu babu ƙasar da za ka taka wadda ba a kan wani aka ɗauko ta ba. Lokacin da iyayenmu suka gangaro daga kogi suka kafa dirkoki a gefen birni, ruwa da laka kawai suka tarar. Su suka yi ta zuba ɓawon ƙumba da dusar katako da sharar kasuwa, kwando bayan kwando, har ƙafa ta sami wurin tsayawa. Mu ma da muka tashi muka ɗora, domin ƙasar da aka yi da shara kullum sai ta ɗan lotsa, teku kuwa ba ya gajiya. Shi ya sa ranar da hukumar tsara birni ta aiko a faɗa mana wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, na rasa ko dariya zan yi ko muciya zan ɗauko.

Wadda aka aiko wata siririyar yarinya ce mai hular kwano, sunanta Zuleima. Mu a wurinmu duk wanda ya zo da hular kwano da takalmin fata daktora ne, ko da tsintsiya yake talla. Ta tsaya gaban shagon Don Ulpiano ta buɗe taswira ta yi mana bayani dalla-dalla, kuma tsakani da Allah ba ta raina kowa ba. Za a gyara bakin tekun gaba ɗaya. Za a sake dasa itatuwan mangle, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, su tare igiyar ruwa, a shimfiɗa hanyar katako ta masu shan iska. Gidan da filinsa ya zauna a bushe ranar babbar puja, cikar tekun nan da ke zuwa da sabon wata a ƙarshen damina, za a shafa masa koren fenti, a ja masa famfo da magudana. Gidan da ruwa ya kwanta a filinsa, ko da a kusurwa ɗaya ne, jan fenti, a kwashe mutanensa zuwa sababbin gidaje a kan tudu.

Don Ulpiano ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Daktora, in kare ya yi fitsari a tsakar gidana fa, ja ne ko kore?"

"Sai ka ɗanɗana mana ka ji ko da gishiri," ta ce, ko ɗaga kai daga taswirar ba ta yi ba.

Kowa ya yi dariya ban da ni. Hankalina ya riga ya tafi ramin da ke bayan madafarmu.

Mu in aka haifi ɗa, cibiyarsa ta faɗi, a filin gida ake binne ta, a dasa kwakwa a kai. Bishiyar ta zama tasa ke nan. Duk sanda za a ƙara wa fili ƙasa, mai cibiyar ne ke zuba kwandon farko a gindin bishiyarsa da hannunsa, sannan sauran mutane su bi. Ba a zuba wa mai rai ƙasa a kan cibiya da hannun wani. Wanda ake yi wa haka shi ne wanda ya mutu.

Ni na zuba wa tawa ba sau ɗaya ba. Ta ƙanena Nemesio ce babu mai zubawa. Ya shiga jirgin kamun kifi ya yi arewa tun 'yata Yurani tana goye a bayana, ga shi yanzu Yuranin ce ke da tsohon ciki. Ba jirgi, ba gawa, ba labari. Tun daga lokacin, duk sanda layi ya ɗaga ƙasarsa muka ɗaga tamu, sai Mama ta sa a kewaye gindin kwakwar Nemesio. A kwana a tashi, fili ya yi sama, wurin ya zauna inda yake, har ya zama rami mai kai wa mutum cinya, bakinsa yana taɓa dirkokin madafa. Ko ƙaramar cika aka yi sai ruwa ya tsattsafo ta ƙasa ya kwanta a ciki, ƙaguwa suna ta shawagi.

Ba ramin kaɗai Mama ta bar masa ba. Kullum in za ta auna shinkafa sai ta ƙara gwangwani ɗaya, ta zuba wa Nemesio nasa a kwano ta rufe. Da safe Don Ulpiano, wanda shi ne ya riƙe yaron ranar baftisma, sai ya shigo da cokalinsa a aljihu ya cinye. "Komadre Baudilia, ajiya nake yi masa," haka yake ce wa Mama yana shafa tumbi, domin tun baftismar nan komadre da kompadre suke kiran juna. "Ranar da ya dawo sai ya zo ya karɓi kayansa."

Washegarin zuwan daktora layi ya tashi da aikin gayya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya san wannan. Maza suka yi ta turo baro daga wurin masu yankan katako, mata muka yi ta jigilar ɓawon ƙumba daga bakin ruwa, ana kiɗa ana waƙa ana zolayar masu ƙaramin kwando. Yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Ni kuwa na kasa zama. In ina wanki sai in ji kamar ruwan yana hawa ƙafata. In ina soya kifin sayarwa sai in bar shi ya ƙone ina leƙen ramin nan ta taga. Da asuba kafin in wanke ido sai na fita na dubi wata, in ga nawa ya rage a jikinsa.

Ranar da gayya ta zo gidanmu aka cika ko'ina, har ƙarƙashin ɗaki. Da aka doshi bayan madafa sai ga Mama zaune kan kujerarta a bakin ramin, ta ɗora hannu a gwiwa. Masu baro suka dubi juna, suka juya.

"Mama," na ce da mutane suka watse, "kin ji abin da daktora ta ce. Ko a kusurwa ɗaya ne."

"Kunnena lafiya lau, Dioselina."

"To me za mu yi?"

"In ya zo ya zuba."

"Yaushe zai zo? Kin ga watan kuwa?"

"Na fi ki sanin wata. Ɗauko mini tsintsiya."

Haka take. In ta ga dama ta yi miki kunnen uwar shegu har ki gaji da bakinki. Na tafi wurin Don Ulpiano ina huci. Ya ce in kwantar da hankalina, ai dabara ba ta ƙare ba. Ya tara maza suka kewaye filin ta gefen ruwa da buhunan yashi, suka daddanne da ƙafa, yana tsaye yana ba da umarni kamar shi ya gina tashar jiragen ruwa. Da cikar yamma ta zo, ruwan bai ko kula da buhunansa ba. Ta ƙasa ya ɓullo kamar kullum, domin ƙasar da aka yi da ɓawo rariya ce.

"To, janar," na ce masa, "abokin gaba ya biyo ta ƙarƙashin gado."

Ya sosa ƙeya. "Sai dai a haƙe cibiyar a ɗaga ta sama."

"Wace cibiya?" in ji Mama daga taga. "Kompadre, kai da girmanka? Cibiyar ai ita ce bishiyar da kake gani."

Ana cikin haka hukuma ta kawo bas ta kwashe waɗanda gidajensu ke tsakanin ja da kore, a je a nuna musu tudu. Na tilasta wa Mama ta shiga, Yurani ma ta biyo mu tana nishi. Muka yi ta tafiya har warin teku ya bar hancina, abin da ban taɓa sanin yana iya faruwa a garin nan ba. Gidajen ba su da laifi, ba zan yi musu ƙazafi ba. Bene ne hawa-hawa, fenti fes, famfo a cikin ɗaki, rufi ba ya yoyo. Amma ina mai kwalekwale zai ɗaure kwalekwalensa, ina mai haƙar ƙumba za ta haƙa? Ni da kifi nake ci da gida, wa zai kawo mini kifi kan tudu?

Mama ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta sauko tsakar wurin tana buga siminti da ƙafa, nan da can, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Sannan ta kira daktora.

"'Yata, a nan ina ake binne cibiya?"

Na ga daktora ta fahimci tambayar, wataƙila ita ma tata tana gindin wata bishiya a wani kogi. "Donya Baudilia, ƙasan nan duk siminti ne, akwai bututu a ƙarƙashi. Ba a yarda a haƙa ba."

Mama ta gyaɗa kai, ta koma cikin bas ta zauna. Na ce a raina shi ke nan, ta gani da idonta, gobe za ta sauko. Gobe ta yi, ta ja kujerarta bakin rami ta zauna.

Daga nan zuciyata ta fara tafasa. Duk gidan da na wuce na ga filinsa ya yi tudu, matar gidan tana shara tana waƙa, sai in ji haushi ya tokare ni. Maƙwabta suka daina yi mini maganar, suna dai bina da kallon tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Wata ya zama siriri kamar ɓawon farce. Ranar Lahadi Mama ta tafi coci, ni kuwa na ce kaina na ciwo. Tana shan kwana na ɗauki kwando. Na yi ta jido ɓawo daga tulin da aka bar mana a ƙofa ina juyewa a ramin, ina gudu, gumi na shiga mini ido. Yurani tana tsaye a taga tana cewa, "Mama, ki bari, Mama, Kaka za ta mutu," ni ko waiwaye.

Ban kai rabi ba Mama ta dawo. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye jakarta, ta tuɓe takalmi, ta sauka ramin da rigar cocinta, ta fara kwashe ɓawon da hannu tana watsowa waje. Ɓawon ƙumba yana da kaifi. Kafin a jima yatsunta suka fara jini, ba ta tsaya ba.

"Mama, ki fito."

Ta ci gaba da kwashewa.

"Gidan da kika ɗauko ƙasarsa a kanki za ki bari a rushe saboda rami? Mu da muke gabanki ba mutane ba ne? Kullum Nemesio, kullum Nemesio. In yana da rai, me ya hana shi ko aike?"

Ta ɗago ta dube ni. "Ƙarasa."

Ban ƙarasa ba. Kalmar ta zo har bakina ta tsaya. Duk tsawon shekarun nan babu wanda ya furta ta a gidan, kuma na gane a lokacin cewa ni ma ba zan iya ba. Na jefar da kwandon na shige ɗaki. Ina jin ƙarar ɓawo yana faɗuwa a waje har rana ta karkata.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu yi wa juna magana ba. Na fara ɗaure kaya a kwali, ina yi ina buga su da ƙarfi don ta ji. Ana gobe puja Yurani ta fito da wata kwakwa mai tsiro da ta jima tana ba ruwa a bayan ƙofa. Daga bishiyar Nemesio ta faɗo, Mama ce da kanta ta tsince ta ta ba ta tun cikin bai fito ba, ta ce ga ta jariri. Yurani ta riƙe ta tana jujjuyawa, ta tambaye ni a hankali, ba don kowa ya ji ba.

"Mama, in sa ta a bokiti? A can ko a bakin taga sai a ajiye."

"Kwakwa a bokiti? Ba ta yi."

"To cibiyar fa?"

Na ce ban sani ba, ta ƙyale ni da tambaya. Mama tana tsinke shinkafa a bakin madafa. Hannunta ya tsaya cikin farantin na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Ranar puja gari ya waye da iska. Ruwa ya janye nesa, laka ta bayyana har inda ido ya kai, kuma duk ɗan bakin teku ya san yadda ya janye haka zai dawo. Cikar za ta kai ƙarshe da la'asar. Ina tsakar gida ina ɗaure tukwane sai na ji an buɗe ƙofar Mama. Ta fito da farar rigarta, wadda ba ta sawa sai in an yi rasuwa, da baƙin ɗankwali. Yatsunta a naɗe da tsumma.

"Yurani, kira mini kompadre Ulpiano. Ki ce ya sa riga mai hannu."

Ta nufi tulin ɓawo ta cika kwando ta ɗauka. Sai a lokacin na gane. Abin da na yi ta nema da faɗa da zagi da buga kwali, ga shi ana miƙo mini. Na ruga na riƙe bakin kwandon.

"Mama, bari. Bari, za mu je tudun. Na yarda, wallahi na yarda."

"Saki."

"In ya dawo fa?"

Ta dube ni, idonta a bushe. "Dioselina, ni na haife shi. Kina tsammanin ban sani ba?" Ta janye kwandon daga hannuna a hankali. "Na bar masa wuri iyakar iyawata. Yanzu akwai mai zuwa da ke bukatar ƙasa."

Don Ulpiano ya shigo yana ɓalla maɓallin riga, bakinsa a buɗe da wata zolaya da ya taho da ita. Da ya ga farar rigar sai ya haɗiye ta. Ya cire hula.

Mama ta tsaya a bakin ramin ta dafa bishiyar. Sannan ta ɗaga murya ta fara alabao, waƙar da muke raka mamaci da ita, wadda ba a taɓa yi wa Nemesio ba. Muryarta ta tsufa amma ta kai ƙarshen layi.

"Tafi, ɗana, hanya ta buɗe,
kada ka waiwayo, na rufe ƙofa."

Ta juye kwandon.

Alabao ba a barin mai shi shi kaɗai, dole a amsa. Daga gidan da ke jikin namu wata murya ta amsa, sannan wata daga tsallake. Mata suka fara fitowa, wasu da kumfar wanki a hannu, wasu suna ɗaura ɗankwali a hanya, kowacce ta tsaya a tulin ta cika kwando. Maza suka turo baro ba kiɗa ba zolaya. Don Ulpiano ya zuba na biyu, a matsayinsa na uban baftisma. Ni na zuba na uku, ban ga inda na zuba ba saboda hawaye. Ƙanena nake binnewa, yaron da na koya wa iyo a wannan bakin ruwan, kuma ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba.

Ruwa kuwa bai jira mu gama kuka ba. Muna zubawa yana dawowa, ya shafe lakar, ya hau dirkokin gidajen gaba, ya fara tsattsafowa a gindin bishiyar. Aiki ya koma gudu. Tulin ƙofarmu ya ƙare, mutane suka koma gidajensu suna kwaso abin da ya rage musu, wasu har daga filinsu suke ɗebowa. Ana zubawa ana tattakewa, ana waƙa numfashi na yankewa, Mama tana tsaye tana bayarwa ba ta sauka daga kan murya ba.

A haka daktora ta same mu, da dogon takalmin roba da gwangwanayen fenti biyu a hannun abokin aikinta. Ta tsaya a ƙofa ta ji waƙar. Ta cire hular kwanonta ta riƙe a ƙirji, ba ta shigo ba sai da aka kai ƙarshen baiti.

Ruwan ya hau, ya hau, ya lashi buhunan Don Ulpiano, ya jiƙa sabon ɓawon daga ƙasa har ya yi duhu. Kowa ya zuba wa gindin kwakwar ido. Muka jira. Wani kare ya ratsa ta kai, ba wanda ya yi dariya. Can sai wani tsoho daga bakin ruwa ya ce ya juya. Daktora ta zagaya filin kusurwa-kusurwa, ta durƙusa a gindin bishiyar ta danna da tafin hannu, ta miƙe. Ta karɓi koren fenti da kanta ta shafa a jikin ƙofarmu.

Mutane suka yi ta rungume ni. Gidanmu ya tsira, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mama ba ta je ta dubi fentin ba. Ta karɓi kwakwar nan mai tsiro daga hannun Yurani, ta ajiye ta a kan sabuwar ƙasa, ɗan nesa da bishiyar Nemesio, ta ce nan ne wurinta in lokaci ya yi. Sannan ta shiga ta canja riga.

Da yamma ina kallonta tana auna shinkafa. Ta zuba tawa, ta zuba ta Yurani, ta zuba tata. Hannun ya sake komawa cikin buhu da kansa ya ciko gwangwani. Ta riƙe shi a sama da tukunya, ta jima tana dubansa, sannan ta mayar cikin buhu ta ɗaure baki.

Da safe Don Ulpiano ya shigo kamar kullum, ƙafarsa ce ta kawo shi. Sai da ya kai bakin madafa ya ga kwanon a kife a kan shiryayye, wankakke. Ya tsaya da hannu a aljihu, kan cokalin.

"Yau babu ajiya, kompadre," in ji Mama.

Ya gyaɗa kai. Ya fita ya zauna a bakin ƙofa, ya jingina da fentin da bai gama bushewa ba, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Mama ta haɗa kofi ta kai masa, ta zauna kusa da shi, ta juya wa teku baya.